Ranar da Muka Je Shara Masaukin Taubashina

Duk wanda ya taɓa bin kwalta daga Yamai zuwa Ƙonni ya san garinmu, ko da bai sauka ba. Mota na gangarowa dutsen zai tsaya masa a gaba, ja wur da rani, kore shar da damina. Mu da aka haifa a Dogon Dutsi ba mu cika ɗaga kai mu dube shi ba, baƙi ne suka koya mana cewa abin kallo ne. Abin da muka sani shi ne kasuwar Juma'a, wadda ke jawo mutane tun daga ƙetaren iyaka, da lambunan dankalin turawa, da manyan motocin fasinja da ke tsayawa a yi salla a ci nama. Garin yana da farin jini, wannan ko maƙiyi ba zai musa ba. Ma'aikacin da aka turo na shekara biyu sai ka ga ya sayi fili. Ina son garinmu. Amma akwai shekarar da farin jinin nan ya shigo har ɗakin mahaifiyata ya rufe mata ƙofa.

Wanda ya jawo abin taubashina ne, ɗan ƙanen Inna. A wurinmu ɗan namiji shi ne ubangida, ɗan mace kuma bawa, saboda haka tun muna cin ƙasa yake ce mini baiwa, ni kuma in ce masa ubangidan da ba shi da ko akuya. Tare muka yi lakwal, wato firamare. Ni na gama kwalej na yi aure, shi ya bar karatu tun da wuri ya shiga fatauci, Allah kuma ya buɗa masa. Da hannunsa ya yi nauyi sai ya gina masaukin baƙi a bakin kwalta, ɗakuna jere, da rumfar cin abinci, da wata 'yar hasumiya da ake hawa a hango dutse da tabki. Turawa sun rage zuwa, amma 'yan kasuwa da masu taro da 'yan Yamai masu neman hutun ƙarshen mako ba su yanke ba. Na yi masa murna da zuciya ɗaya. Ranar buɗewa ni na dafa masa dambun zogale tukunya biyu.

Kowace Alhamis nakan je gidanmu in yi wa Inna kitso. Tsohuwa ce mai kunya, tun rasuwar Baba ba namijin da ya ga gashinta. Tana da tsagar Arawa irin ta dā, layi biyu daga gefen baki zuwa kunne, waɗanda tsufa ya ƙara fito da su. Wata Alhamis muna ƙarƙashin dogon yaro, na tsefe rabin kai na kitse rabi, sai ga taubashina ya yi sallama ya faɗo, kamar yadda ɗan gida ke yi. Inna ta kai hannu ga kallabi. Ya ce, "Gwaggo, tsaya haka, don Allah kada ki motsa!" Ya zaro waya. Ni kuma, da bakina, ina dariya, na ce, "Inna, ɗan ɗago kai mana, ubangidana ya ga kyakkyawa." Ta ɗago, ya ɗauke ta hoto. Wannan maganar tawa har yau in na tuna ta sai in ji kamar na haɗiyi garwashi.

Bayan wata biyu, a gidan suna, wata maƙwabciya ta ce mini, "Ashe Inna ta zama 'yar talla, ba ku gaya mana ba." Ban gane ba. Da na fito na hau kabu-kabu na ce ya bi da ni ta bakin kwalta. Tun daga nesa na gan ta. Wani ƙaton tamfol ne, ya fi tabarma uku faɗi, an ɗaure shi da igiya a jikin ƙarfe sama da ƙofar masaukin. Fuskar Inna ce, kai buɗe, furfura rabi a tsefe, tana kallon duk motar da ta wuce. A ƙasa an rubuta da Faransanci da Hausa wai barka da zuwa Arewa. A gefen hoton, in ka lura, akwai yatsu biyu riƙe da tsinken kitso. Nawa ne.

Na so in ɓoye mata, amma ba a ɓoye abin da aka rataya a kan hanya. Inna tana sayar da daddawa da kuka a kasuwar Juma'a, a rumfa ɗaya, tun kafin a haife ni. Wata Juma'a wani baƙo ya tsaya a gabanta, ya dube ta, ya kira abokinsa, ya ce ai ita ce ta jikin allo, suka ɗaga wayoyi. Ta tattara kayanta tun kafin azahar ta koma gida. Ba ta yi kuka ba, ba ta zagi kowa ba. Ta daina zuwa kasuwa. Sai ta daina zuwa makarantar tsofaffi da take zuwa koyon karatu da hantsi. Sai ta daina fitowa ko tsakar gida in ta ji muryar namiji. Na same ta zaune cikin ɗaki da hijabi, cikin zafin nan na bazara, ƙafafunta sun fara kumbura saboda zama. Na ce ta fito ta sha iska. Ta ce, "Ɗiyata, ina waje ai. Dare da rana ina waje, kai buɗe. Mi zan hito in ƙara?"

Na je na sami taubashina a ofishinsa. Na gaishe shi da ladabi, na faɗa masa halin da gwaggonsa ke ciki. Ya kwashe da dariya har yana dukan tebur.

"Haba baiwa! Gwaggo ta zama tauraruwa kina kuka? Kin san baƙi nawa ke tsayawa saboda hoton nan? Fuskar Arewa ce fa. Wannan shi ake kira talla."

"Kanta a buɗe yake."

"Tsohuwa ce, wa zai kalli gashinta? To, ki gaya mata zan aiko mata da buhun shinkafa."

"Ba ta fita, ubangida. Wata guda ke nan."

"To ki daina zuga ta. Ke ce kika ce ta ɗago kai, ko kin manta? Wasa ne tsakaninmu, kuma baiwa ba ta yi wa ubangidanta fushi."

Na fito. Kawu, mahaifinsa, ya riga mu gidan gaskiya, ba mai tsawata masa. Na je wurin babban dattijon dangi. Ya saurare ni yana jan carbi, ya ce zai yi masa magana, sannan ya ƙara da cewa, "Amma ki sani, taubashi ba a kai shi ƙara. Abin da duk ya yi miki, dariya aka yi." Ya yi masa maganar, aka amsa masa da to, hoto ya ci gaba da zama inda yake.

Ni mace ce mai saurin hawaye, ko kaza ba na iya tsayawa a yanka a gabana. Ban san akwai wata mace a cikina ba sai a watannin nan. In hadari ya taso sai in ji ina fatan iska ta kwashe masa rufi. In na ji an ce masaukin ya cika da baƙi, abinci ba ya shiga bakina. Akwai ranar da na kama kaina cikin sujada ina shirin roƙon abin da bai kamata ba a kansa, na ɗago ina istigfari, amma zuciyar ba ta huce ba. Saukar da hoton kaɗai ba zai ishe ni ba. So nake ya ɗanɗana yadda ake tsayawa a gaban mutane ana kallonka, ba ka da bakin magana.

Maganar dattijon nan ce ta yi ta yi mini yawo a kai: abin da duk taubashi ya yi, dariya ake yi. Ina wanke shinkafa wata safiya sai na tuna watan cika-ciki ya kusa. A wannan watan, a al'adarmu, 'ya'yan mata kan ɗauki tsintsiya su je gidan 'ya'yan maza shara. Su share, su yi ta tsokana, kuma duk abin da hannun baiwa ya kai gare shi ta ɗauka, sai ubangida ya fanshe shi. Ba ya hanawa, ba ya ɓata fuska. Wanda ya yi fushi ranar shara ya zama abin dariya har jikokinsa. Ni na bar wannan tun da na yi aure, don maigidana mutumin wa'azi ne, yana ganin irin waɗannan abubuwa saura ne da ya kamata a bari, ni ma na yarda da shi. Amma ranar na bar shinkafa cikin ruwa na zauna ina murmushi ni kaɗai.

Ina cikin haka labari ya zo cewa taubashina ya gayyaci manyan baƙi ranar Juma'ar da ke bin cika-ciki, 'yan kasuwa daga Yamai da ƙetare da wasu ma'aikata, zai nuna musu sabbin ɗakuna, ya jawo su su zuba jari a garin.

Na sami maigida bayan ya ci abincin rana.

"Malam, ina neman izinin fita ranar Juma'a."

"Zuwa ina?"

"Shara."

Ya ajiye buta ya dube ni. "Ke da kika ce kin bar wannan?"

"Na bari. Aronta zan yi kwana ɗaya in mayar."

Ya san halin da Inna ke ciki, shi ne ma yake kai mata magani. Ya ce, "Ban ce je ki ba, ban kuma ce kada ki je ba."

"Malam, ni ba na fita da rabin izini."

Sai ya yi dariyar da bai shirya ba. Ya ce, "To je ki. Kada ki taɓa jikinsa, kada ki ɗaga murya, kada ki zagi iyayensa don naki ne."

Inna tana da 'yan'uwa mata uku, ɗaya ta yi aure a Kiyeshe, ɗaya a Dogon Kiriya, ɗaya a Kore Mairuwa. Duk 'ya'yansu mata bayin taubashina ne kamar ni. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da saƙon murya. Ban yi dogon bayani ba, kowa ta ga hoton a hanyarta ta zuwa kasuwa, kowa ta kawar da kai. Yayata ta Dogon Kiriya, doguwar mace mai kiwon awaki, tambaya ɗaya ta yi: da igiya aka ɗaure shi ko da ƙusa? Na ce da igiya. Ta ce, "To shi ke nan, ina tahe da gorata." Gorar da take ɗaura wa lauje ce tana sassabo wa awaki ganye daga saman itace.

Ranar Juma'a suka iso da hantsi, wasu a motar kasuwa, wasu a amalanke, damina ce kuma kowa ta baro gona. Mu tara muka haɗu a gidana. Na sayo tsintsiya sabuwa tara. Muka jira har aka sauko daga masallaci, muka ba baƙi lokaci su zauna su wanke hannu.

Da muka isa, an kafa rumfa a tsakar masaukin, an jera fararen kujeru, ga gasasshen rago ga zabi. Taubashina na tsaye cikin shadda mai ruwan sama, riƙe da lasifika, yana cewa Dogon Dutsi ƙofa ce tsakanin gabas da yamma, kuma abin da ya fi dutse da dankali shi ne al'adunmu na Arewa, waɗanda ke nan da ransu. Daidai nan yayata ta rangaɗa guɗa.

"Ubangida, bayinka sun zo shara!"

Na ga fuskarsa. Wallahi na gan ta, kuma na ji daɗi, Allah Ya yafe mini. Baki ya tsaya a buɗe, ido ya sauka kan tsintsiyoyi, ya hau kan gorar, ya dawo kaina.

Muka duƙa muka fara. Ba gefe muka bi ba, tsakanin kujeru muka shiga. Kowa ya san ɗan kasuwa ba ya son tsintsiya ta taɓa ƙafarsa, wai tana share arziki. Ni ban yarda da wannan ba, amma su sun yarda. Sai ga manyan alhazai sun ɗage ƙafafu sama kamar masu tsallake kwata, kowa riƙe da farantinsa. Ƙanwata ta Kiyeshe tana shara tana cewa, "Alhaji, ɗaga ɗayar ma, ubangidanmu ƙazami ne, shekara bakwai bai bari an share mishi ba." Wata ta ɗauke tukunyar shinkafa ta aza a kai. Wata ta sungumi cinyar rago. Wani baƙo daga Yamai ya tambaye shi ko wannan ma cikin shirin ne. Ya yi yaƙe, ya ce cikin lasifika, "E, al'ada ce. Taubasaina ne." Aka yi tafi. Dole ya tsaya ana tafa masa.

Wasu suka fara ɗaga wayoyi. Na ja hijabi na rufe fuska. Yayarmu ta Kore Mairuwa ta miƙe ta riƙe ƙugu ta ce, "Wayar da duk ta ɗauke mu ta shiga shara, kuma mu ba mu san maidowa ba." Aka yi dariya, aka mayar da su aljihu.

Ni ban ɗauki komai ba. Na nufi ƙofa, yayata na biye da gora. Ya ajiye lasifika ya biyo mu da sauri, yana murmushi saboda idon mutane, gumi na bin wuyan shaddar. Ya matso ya rage murya.

"Baiwa, don girman Allah, ba yau ba. Gobe da kaina zan sauke shi."

"Wata huɗu ina jiran goben nan."

"Kin san ko su wa ke zaune can? Za ki kunyata ni."

"Haba ubangida," na ce masa, a hankali kamar yadda Malam ya ce, "ai wasa ne."

Yayata ta ɗaga gora. Igiyar farko ta tsinke, sai ta biyu. Na kira sauran suka zubar da tsintsiya suka zo, muka jeru a ƙasa muka ɗaga hannuwa, don na rantse fuskar Inna ba za ta taɓa ƙasa ba. Da igiyar ƙarshe ta tafi, tamfol ɗin ya zubo mana a kai, mai nauyi, mai zafin rana. Muka naɗe shi fuskar a ciki. Baƙi duk sun taso sun tsaya a ƙofa. Ya daure ya ɗaga murya don su ji, "To bayi, da me zan fanshi kayana?" Na ce, "Tukunya da cinya ka fansa. Wannan ba ta da fansa." Wani dattijo cikin baƙin, da alama ya gane abin da ake ciki, ya ce, "Alhaji, bar su. Yau bayi sun fi ƙarfin ubangida."

Muka saɓa shi a kafaɗa mu huɗu, muka bi bakin kwalta, ranar kasuwa, kowa na gani. Ban taɓa tafiya kai a sama kamar ranar ba.

Inna na zaune bakin gado da muka shiga. Ta ji labari kafin mu iso. Ta ce a shimfiɗa ta gani, don ita ba ta taɓa ganinsa ba. Ɗakin bai isa ba, rabi kawai muka warware. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Wannan tsagar kitson a karkace take. Wa ya koya miki?" Muka fashe da dariya, wasu da hawaye. Ta ce ba a ƙona fuskar mutum, a ninke shi a tura ƙarƙashin gado.

Bayan la'asar taubashina ya zo, shi kaɗai, ya ɗaure rago a ƙofar gida. Wannan karon ya yi sallama ya tsaya a zaure har aka ce ya shigo. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa a bakin ƙofar ɗaki. Ni na tanadi maganganu cikin cikina kamar buhu, amma Inna ta ɗaga mini hannu. Ta dube shi ta ce, "Ɗana, uwarka na da rai, kuma tsagarta ta hi tawa kyau. Don mi ba ka sa ta ba?" Ya sunkuyar da kai. Ta ce ya goge hoton daga wayarsa a gabana. Ya goge. Na karɓi wayar na shiga inda ake tara abubuwan da aka goge, na same shi kwance a can, na goge shi da yatsana. Karatun kwalej ya yi mini rana. Ta ce ya kwance ragonsa, ta yafe masa, ya gaida gida.

Ni ban yafe ba a ranar, kuma ba zan rubuta ƙarya ba, har yanzu ina fama. Muna gaisawa a biki da rasuwa. Naman layyar da yake aikowa ina karɓa da godiya in miƙa wa maƙwabta. Na tambayi malamarmu ko akwai laifi a abin da na yi. Ta ce sauke hoton ba laifi, amma daɗin da na ji da na ga guminsa, wannan ni da Ubangijina. Ina ta roƙo a cire mini shi, sai dai roƙon nawa ba ya da ƙarfi.

Inna ba ta fita a makon ba, ba ta fita a na bayansa ba. Har na fara tsoron na sauke hoton bayan ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Rumfarta ta kasuwa wata ta riga ta zauna, kuma ba ta sake nemanta ba.

Ranar wata Litinin na kai mata kunu da safe, na same ta tsaye, ta yi wanka, ta ɗauki jakar littafinta ta makaranta.

"Ina takalmana?"

Muka yi ta nema. Ɗaya na bayan randa, ɗaya 'yan awaki sun ja shi har bakin turke sun tauna maɗaurinsa. Na ce ta sa nawa. Sun yi mata yawa, amma ta zura ƙafa. Na kama hannunta a zaure, ta fizge.

"Sake ni, ni ba majinyaciya ba ce. In rakiya za ki yi, bi bayana."

Na koma baya, ba takalmi, ina taka laimar ruwan da aka yi da asuba. Ta fita tana jan ƙafa a hankali, ta gaida mai kosai, mai kosai ta amsa ta tambaye ta jiki, ta ce da sauƙi, ta wuce.